Sifikar Sallau a Gonar Surukinsa

Mutanen birni in suka ji an ce wane yana tsaron tsuntsu, sai su ɗauka zama ne a inuwa ana kaɗa ƙafa. To su zo fadamarmu lokacin da shinkafa ta fidda kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa kamar nono, su gani da idonsu. Jan-baki ne ke saukowa, ƙananan tsuntsayen nan masu tafiya garke guda, in suka rufe fangalin shinkafa kafin ka gyara zaman hularka sun tsotse shi tas. Maganinsu ɗaya ne, ihu. Ka ja igiyar gwangwanaye, ka wurga laka da majajjawa, amma in babu ihu a kai duk wasa kake yi. Tun rana ba ta gama fitowa ba fadamar ke ɗaukar kururuwa, dattawa masu gemu suna ta faɗa da tsuntsu, ba mai ganin laifin wani.

Abokina Sallau ne kaɗai ba ya iya ihu, kuma ba don ba shi da murya ba. Sallau in yana musun ƙwallo a teburin mai shayi, daga tasha ana jin sa. Matsalarsa ita ce gonar da yake nomawa ta aro ce, surukinsa Baba Cindo ne ya ba shi, gonar Baba Cindon kuma tana manne da ita, rumfar tsohon tana kallon tasa. Kun dai san yadda surukuta take a wurinmu, to Sallau ya ɗauke ta da zafi fiye da kowa. In ya hango tsohon daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, muryarsa ta koma ta mai jinya. Bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Mutumin da ko tari ya taso masa sai ya juya baya, shi ne zai buɗe maƙogwaro ya yi kururuwa a gaban uban matarsa?

Sai ya zamana yana tsaye a bakin gona yana ɗan tafa hannu, yana "shit, shit" a hankali kamar mai korar kaji daga shanya. Tsuntsu kuwa ba wawa ba ne. Wanda aka koro daga gonata, da wanda aka koro daga gonar wane, duk sai su taru a wurin Sallau su ci su huta. Ni da nake maƙwabtaka da shi ta ɗaya gefen na sami sauƙin maƙogwaro sosai a 'yan kwanakin nan, amma raina bai so ba, don ina ganin yadda yake ramewa.

Baba Cindo ba mai yawan magana ba ne. Goro ne a bakinsa kullum, in kuwa ya cire shi ya yi magana ɗaya, sai a kwana ana juya ta a gari. Wata yamma ya bi ta bakin gonar, ya tsinko zangarniya ɗaya da tsuntsaye suka mayar ƙaiƙayi, ya jujjuya ta a hannu. Ya ce in ciyar da tsuntsu ake so, shi ma ya iya, ya sami ladan da kansa ba sai ya wakilta wani ba. Ya ce in shinkafar nan ta ƙare a haka, baɗi gonar zai ba Ɗanlami, mijin ƙaramar 'yarsa, wanda ya daɗe yana zagayen ta. Sallau yana durƙushe ya ce "to Baba", amma a ranar ko tuwo bai iya ci ba. In gonar nan ta suɓuce ba shi da komai sai wani tudu mai yashi, kuma a ce Ɗanlami ne ya karɓe ta, wannan ya fi rashin shinkafar ci masa rai.

Matarsa Tasalla ta ce ya yi ihunsa kawai, Baba ba zai suma ba don ya ji muryar surukinsa. Sallau ya ce ita 'ya ce, ba za ta gane ba. Ana cikin haka ranar kasuwa ya ga wani mai maganin gargajiya ya rataye 'yar sifika a jikin baro, tana ta kwarara talla, shi kuwa mai maganin yana gefe yana shan rake hankalinsa kwance. A nan Sallau ya yanke wa kansa fatawa. Ya ce in na'ura ce ta yi ihu, ai ba shi ne ya ɗaga murya ba. Na ce masa amma muryar taka ce. Ya ce murya daban, ɗaga ta daban, in ina da niyyar raka shi Kano in tashi, in ba ni da ita in faɗa.

Muka shiga kasuwar 'yan waya, muka tsaya a shagon wani saurayi mai suna Nazifi. Sifiku ne jere tun daga ƙasa har rufi, wata kamar sabulu, wata kamar gwangwanin madara, wata sai mutum biyu sun kama. Da Nazifi ya ji muna son wadda za a yi amfani da ita a waje, sai ya ɗauka biki ne. Ya sauko da wata mai fitilu ja da kore, ya kunna kiɗa, teburin ya kama rawa. Sallau ya ce a kashe, shi ba rawa yake so su yi ba, tashi yake so su yi.

"Su wa, Alhaji?" in ji Nazifi.

Sallau ya waiga hagu da dama, ya sunkuya ya raɗa masa. Na zaci yaron zai yi dariya, sai na ga ya gyara tsayuwa ya mayar da mai fitilun. Ashe dangin uwarsa manoman shinkafa ne, ya san jan-baki, ya ce yana ƙarami sun taɓa sa shi kuka. Daga nan ciniki ya koma shawara. Ya ce mai rugugin nan a ɗaki take da daɗi, in aka fitar da ita fili iska ce ke shanye ƙarar, abin da ake so a gona shi ne mai kaifin murya wadda ke tsaga iska. Ya fito da guda uku ya jera. Ni aka mayar ma'auni: aka ce in yi ta tafiya cikin layin shaguna, in na daina ji in ɗaga hannu. 'Yar ƙaramar ko shago biyar ban wuce ba ta koma kukan sauro. Babbar ta raka ni har bakin titi, amma da Sallau ya ɗaga ta ya ce babu gorar da za a kafa a gona ta ɗauki wannan, sai dai a gina mata ɗaki. Ta tsakiyar ce ta yi daidai, ga ta cikin tafin hannu, ga igiyar ratayewa, ga murya kamar ta mai kiran fasinja.

Sallau bai gamsu ba tukuna. Ya tambayi caji, Nazifi ya ce daga asuba za ta kai shi magariba in bai ƙure ƙarar ba. Ya tambayi rana, ya tambayi ƙura, ya tambayi in ta faɗo daga sama. Da aka zo kan ruwa Nazifi ya nuna masa hoton ɗigon ruwa a jikin kwali, ya ce ba ta jin ruwa ko kaɗan. Sallau ya ce shi ma zai iya zana ɗigon ruwa a goshinsa, wannan ba zai hana shi nutsewa ba, a gwada a gabansa. Nazifi ya jawo bokitin da suke alwala, ya kunna ta ya jefa. Ta nutse, ta taso, ta ci gaba da waƙarta tana yawo a kan ruwa. Sallau ya dube ni da murmushi irin na wanda ya gama da duniya. Kala kuwa koriya ya zaɓa, wai don ta saje da shinkafa kada ɓarawo ya hango.

Saura yadda za a sa muryar. Nazifi ya ce ana iya haɗa ta da waya ta bulutut, ba igiya ba komai, amma duk wanda ya kira shi, fadama gaba ɗaya za ta ji. Sallau ya tuna irin kiran da Tasalla ke yi masa in cefane ya makara, ya ce a bar wannan maganar. Aka tsaya a kan ya ɗauki muryar a waya, ya zare memori ya sa a cikin sifikar, ita za ta yi ta yi da kanta, in ta kai ƙarshe ta koma farko. Har mun juya Nazifi ya kira mu ya ƙara da shawara ɗaya, wadda ita ce ta jawo komai. Ya ce tsuntsu yana da wayo, in ya ji kalma ɗaya tana ta maimaituwa zai gane babu mutum a wurin, har a kan sifikar zai sauka. Don haka a yi ɗauka mai tsawo, a riƙa canza magana, kuma a yi ta da zuciya.

Washegari da la'asar muka tafi bayan gari, cikin ramin da ake haƙar ƙasar gini, inda ba mai jin mu sai ƙadangaru. Na riƙe waya, Sallau ya tuɓe hula ya fara. Da farko abin da ladabi: "Haa! Haa! Kai! Tashi! Ku tafi!" Ya yi ta juya waɗannan har suka ƙare masa, ni kuma ina yi masa alama da hannu ya ci gaba, ba a yi nisa ba. To mutum ne da ya yi kwana da kwanaki yana haɗiye ihu, yana kallon ana cinye masa gumi. Sai na ga jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya rufe, ya manta da ni, ya manta da waya, ya shiga gaya wa jan-baki abin da ke ransa tun daga kakanninsu. Ban taɓa sanin Sallau ya iya baƙar magana haka ba. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, shi kuwa da ya gama ya share gumi ya ce rabon da ya ji sanyi a ƙirjinsa irin na yau har ya manta.

Da hankalinsa ya dawo ya ce a sake wata mai tsabta. Muka sake, muka kuma sakewa, amma duk sun fito salam, ko ni ba za su kora ba balle tsuntsu. Ta farkon ce kaɗai ke da wuta tun daga "haa" ɗin farko. Na ce ya kai wa masu cajin waya su yanke masa ƙarshen. Ya ce in ya ba yaran nan, kafin isha kowace waya a garin tana da shi, har a gidan biki sai an sa. Sai ya ɓullo da tasa dabarar: zai bar sifikar ta yi ta yi, in ta kusa wurin da bakinsa ya ɓaci, sai ya sauko da ita ya mayar farko. Ya ma haddace alamar, akwai inda ya yi tari sau biyu, daga nan ne abin ke lalacewa.

Ya kafa gora a tsakiyar gona ya rataye ta. Jama'a, abin ya yi aiki. Ranar farko garken ya sauko kamar kullum da niyyar karin kumallo, sai muryar Sallau ta fashe daga tsakiyar shinkafa, suka watse kamar an watsa musu ruwan zafi. Shi kuwa yana gefe a tsaye, baki a rufe, hannu a baya, kamar ba shi ba. Baba Cindo ya ɗago daga rumfarsa ya dubi gorar, ya dubi surukinsa, ya ci gaba da tauna goro. Tsuntsayen suka dawo kaina, na koma ihu har muryata ta dushe. Sai dai Sallau bai sami hutun da mai maganin nan ya samu ba. Da ya ji tarin farko zai zabura a guje cikin taɓo, ya kwanto sifika, ya danna, ya mayar, ya dawo yana haki. Wanda ya sayi na'ura don ta yi masa gadi, sai ga shi shi ne ke gadin ta. Amma shinkafa ta murmure, zangarniya ta fara sunkuyawa, Ɗanlami ya rage bi ta hanyar.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, kuma a kan idona. Bakin fangalin can ƙarshen gona ya ɓalle, ruwa ya kama zurarewa, Sallau ya ruga ya durƙusa yana toshewa da laka, hannu biyu har gwiwa. A daidai lokacin Baba Cindo ya ga dama ya sauko daga rumfarsa, ya tattare riga, ya shigo gonar don ya duba shinkafa. Ya yi ta tafiya a hankali yana taɓa zangarniya har ya isa gindin gorar, ya tsaya, ya ɗaga kai yana kallon wannan abu kore mai muryar surukinsa. Sai na ji tari. Na ji na biyu. Na buɗe baki in kira Sallau, muryar da tsuntsaye suka cinye min ta ƙi fita.

Sifikar ta ja numfashi, ta saki a kan tsohon:

"Kai mai jan baki, da kai nake! Kullum sai ka zo ka tsaya wa mutum a ka! Ka yi shuka ne? Ka yi dashe ne? Ka taɓa sunkuyawa ka cire ciyawa ɗaya? Sai an gama wahala ka zo kana leƙe-leƙe, mara kunya! Fita daga gonar nan! Gonar ubanka ce? Na ce gonar ubanka ce?"

Fadama ta yi tsit. Duk mai ihu ya haɗiye ihunsa, kawuna suka ɗago daga cikin shinkafa ta kowane gefe. Baba Cindo bai motsa ba, sai dai ya daina tauna, ya sa bayan hannu ya ɗan goge jan goron da ke leɓensa.

Ban taɓa ganin mutum ya yi gudu a cikin taɓo irin na Sallau ba. Ya faɗi, ya tashi, takalmi ɗaya ya tsaya a baya bai waiwaye shi ba. Ya fizgo sifikar daga gora, ya danna da hannu mai laka, santsi ya kai yatsansa kan maɓallin ƙara murya. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya danna ta cikin ruwan fangali ya taka da ƙafa. Ta yi 'yan kumfa, ta suɓuce, ta taso a gaban Baba Cindo tana yawo a kan ruwa, tana ci gaba da tambayarsa ko ya san nawa ake sayar da taki. Na tsaya a gonata ina tausayin abokina, hawaye na zubo min don dariya, na rasa wanne zan fara yi. Da ƙyar Sallau ya cafke ta ya zare memorin da haƙori.

Ya zube a cikin ruwan nan a durƙushe, laka har gira, kansa a ƙasa. Shi ya sa bai ga abin da mu muka gani ba. Baba Cindo ya tsinki zangarniya ɗaya, ya murje a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya jefa ƙwayar a baki ya tauna, ya gyaɗa kai. Duk wanda ya san tsohon ya san in ya gyaɗa kai haka shinkafa ta yi, Ɗanlami sai ya nemi wata gonar. Gemunsa ma na ga yana ɗan rawa, kamar mai danne dariya. Amma Baba Cindo ba mutumin da za a yi wa wannan wanka a gaban jama'a ya tafi bai ce komai ba ne.

"Malam Sallau," ya ce, "ashe kana da murya."

"Baba, a yi min aikin gafara," in ji Sallau, muryar ta koma ta mai jinya. "Na'ura ce."

"Na ga na'ura. Ita ta tsara maganar?"

"Wallahi Baba da tsuntsaye nake. Ko a mafarki ba zan dube ka in ce maka haka ba."

Baba Cindo ya ɗaga kai ya dubi sama, babu tsuntsu ko ɗaya. Ya kakkaɓe hannunsa, ya mayar da goro baki.

"Ai na sani ba da ni kake ba, ni gonar ta ubana ce. Waɗanda ba ta ubansu ba ce a nan ku biyu ne, kai da tsuntsayen. Su dai ka ga sun ji magana sun tashi."